Ɓarawon da ke Zaune a Cikin Burauza

(Taken shiri)

Masu sauraro, kuna tare da shirinmu na faɗakarwa kan yadda za mu zauna lafiya a intanet. 

Akwai wani kuka da ya yi yawa a 'yan shekarun nan, musamman a bakin masu saye da sayarwa ta intanet da masu riƙe da manyan shafukan Facebook. Mutum zai ce maka: "Wallahi ban ba kowa kalmar sirrina ba. Ba wanda ya kira ni ya ce in karanto masa lambar da aka turo min. Har tsaron nan mai hawa biyu na saka. Amma na wayi gari an kore ni daga shafina, an canza masa suna, ana ta tallan wani abu da kuɗin katina." Daga nan sai zargi ya koma kan na kusa. A zargi aboki, a zargi ƙani, a zargi wanda ya ari kwamfutar jiya. Zumunci ya ɓaci, alhali sau da yawa babu hannunsu. Hanyoyin da ake bi a yi wannan sata suna da dama, amma akwai guda ɗaya da ba a cika magana a kanta ba a wajenmu, ita ce za mu zauna a kanta yau: 'yan ƙananan manhajojin nan da ake maƙala wa burauza, waɗanda ake kira ekstenshan.

Burauza dai ita ce manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge da Opera da Safari. Ita kuwa ekstenshan ana ɗora ta ne a kan burauzar don ta ƙara mata wani aiki da ba ta zo da shi ba. Wata tana toshe tallace-tallace. Wata tana sauke bidiyo. Wata fassara take yi, wata gyaran Turanci, wata kuma ta tuna maka lokacin salla. 'Yan kirifto sun san MetaMask, to ita ma a kwamfuta ekstenshan ce. In ka duba saman burauzarka ta hannun dama, kusa da inda ake rubuta adireshi, 'yan ƙananan alamomin nan da suka jeru su ne. Da yawansu mutanen kirki ne suka rubuta su, suna da amfani ƙwarai, ni ma ina aiki da su. Ban zo in ce a watsar da su duka ba. Abin da nake so mu fahimta shi ne wurin da suke zaune.

Mun sha jin ana cewa kafin ka saka kalmar sirri ka tabbata shafin yana da kariya, wato saƙonka a kulle yake tafiya tsakanin kwamfutarka da banki ko Facebook, ba wanda zai tare shi a hanya ya karanta. Wannan gaskiya ne. Amma ita ekstenshan ba a hanya take ba. A cikin burauzar take, inda ake buɗe saƙon bayan ya iso, inda kuma kake rubuta shi kafin a kulle. Misalinta kamar yaron shago ne da ka zaunar a gefenka: ƙofa tana da kwaɗo, akwai maigadi a waje, amma shi yana ciki, yana ganin littafin bashi, yana ganin inda ake ajiye ciniki, in ka fita salla shi ke riƙe da wurin. In mai amana ne ka huta. In ba mai amana ba ne, kwaɗon ƙofa ba abin da zai tsinana maka.

Kuma da hannunmu muke ba ta wannan matsayi. Ku tuna lokacin da kuka danna maɓallin ɗora wata ekstenshan a Chrome. Wani ɗan akwati yakan fito daga sama, ɗauke da sunanta, a ƙasansa da layi ɗaya ko biyu na Turanci, sai maɓalli biyu, na amincewa da na fasawa. Yawancinmu kafin ido ya sauka a kan rubutun yatsa ya riga ya danna. To abin da layin nan yake cewa, a mafi yawan lokuta, shi ne: wannan manhaja za ta iya karantawa, ta kuma canza, dukkan bayananka a dukkan shafukan da kake shiga. Ku sake saurara. Karantawa da canzawa. Dukkan bayanai, dukkan shafuka. Imel ɗinka shafi ne. Bankinka shafi ne. WhatsApp ɗin da kake buɗewa a kwamfuta shafi ne. Shafin makaranta inda ake shigar da sakamakon ɗalibai, shi ma haka. Karantawa na nufin tana ganin abin da ka gani da abin da ka rubuta. Canzawa na nufin za ta iya sa maka akwatin tambaya na ƙarya a cikin shafi na gaskiya, ko ta musanya lambar asusun da za ka tura wa kuɗi da wata lambar.

Yanzu ga amsar mai kukan nan da ya ce bai ba kowa kalmar sirri ba. Idan ka shiga Facebook ka saka kalmar sirri, ka saka lambar da aka turo maka, Facebook yakan bar wa burauzarka wata 'yar shaida, wadda masana ke kira kuki, don kada ya riƙa tambayar ka duk lokacin da ka buɗe sabon shafi. Shi ya sa gobe ma in ka kunna kwamfuta za ka tarar kana ciki. Duk wanda ya kwafi wannan shaidar ya ɗora ta a tasa burauzar, to a wajen Facebook kai ne. Ba ya bukatar kalmar sirri, ba ya bukatar lamba, domin shaidar cewa take an riga an wuce waɗannan matakan. Ekstenshan mai cikakken izini kuwa tana iya kaiwa ga wannan shaidar.

Haka aka yi a watan Maris na 2023, lokacin da duniya ta ruɗe da ChatGPT, kowa na son ya gwada. Masu bincike na kamfanin tsaro na Guardio suka gano wata ekstenshan da ke cewa za ta ba ka hanyar shiga ChatGPT cikin sauri daga burauzarka. Ta tallan Facebook ake yaɗa ta, kuma a cikin rumbun Chrome na gaskiya, inda ake ɗauko ekstenshan, take zaune. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tana aikin da ta yi alkawari: ka yi tambaya, ta ba ka amsa. Amma a bayan fage tana kwashe shaidar shigarka Facebook, tana neman ko kana da asusun kasuwanci mai katin biyan talla a jiki. An ƙiyasta cewa mutum kusan 2,000 ne ke ɗora ta kowace rana kafin a cire ta. Ba a jima ba wata ta sake ɓullowa, wannan karon an kwafi wata ekstenshan ta gaskiya ce aka cusa mata 'yan layukan sata, aka tallata ta a saman sakamakon binciken Google, mutum fiye da 9,000 suka ɗauka. Da asusun Facebook da aka sace ake sake buga tallan a Facebook, don a kamo wasu.

Irin wannan kwaikwayo ba sabo ba ne. A 2017 mutum kimanin 37,000 sun ɗora wata ta bogi mai ɗauke da suna da tambarin Adblock Plus. A watan Afrilu na 2020 Google ya cire guda 49 da suka yi shigar lalitar kirifto, suna kwaikwayon irin su Ledger da Trezor da MetaMask. Aikinsu guda ne: su ce ka shigar da kalmomin nan na sirri na lalitarka, 12 ko 24, su aika wa maigidansu. Matasanmu da suka rungumi harkar kirifto da mainin, ku kuke tsakiyar wannan haɗari, domin kuɗin banki in an yi sa'a a kan iya tare shi, na kirifto kuwa in ya fita ya fita.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan ekstenshan na burauza masu cutarwa.

Wani zai ce: "To ai ni na tsira. Tawa ta gaskiya ce, shekara uku ina aiki da ita, miliyoyin mutane na amfani da ita." Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan nake so a ba ni kunne sosai. Ita ekstenshan sabunta kanta take yi. Ba ta neman izininka, ba ta sanar da kai. Muddin sabon zubin bai nemi ƙarin izini a kan wanda ka riga ka bayar ba, cikin dare zai sauka ya maye gurbin tsohon, suna ɗaya, tambari ɗaya. Ke nan abin da ka yarda da shi shekara uku da suka wuce ba lalle ba ne shi ke cikin kwamfutarka yau.

Akwai wata mai suna The Great Suspender. Aikinta mai kyau ne: in ka buɗe shafuka da yawa kwamfuta ta fara nauyi, sai ta kwantar da waɗanda ba ka amfani da su, kwamfutar ta sami sarari. Mutum fiye da miliyan 2 ne ke amfani da ita, sun kuma yarda da ita, saboda shekaru tana aiki ba a ji komai ba. A watan Yuni na 2020 wanda ya rubuta ta ya sanar cewa ya sayar da ita ga wani da ba a bayyana ko wane ne ba. Bayan 'yan watanni sabon mai ita ya fitar da sabon zubi mai iya karɓar umarni daga wata kwamfuta ta waje, ya aiwatar a cikin burauzar mutane. Masu lura suka yi ta ƙorafi, Microsoft ya cire ta daga rumbun Edge, amma Google bai kashe ta ba sai a watan Fabrairu na 2021. Duk tsawon watannin nan tana zaune a kwamfutocin mutane, suna kallonta a matsayin tsohuwar abokiyar aiki.

Kada kuma mu yi saurin tsine wa masu sayarwa ba tare da mun gane halin da suke ciki ba. Yawancinsu mutum ɗaya ne ya zauna ya rubuta abin a lokacin hutunsa, ya bayar kyauta, shekara da shekaru yana gyara ba a biya shi ko kwabo. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji sun sha faɗa cewa saƙonni na zuwa musu a kai a kai, ana tayin saye, ko ana cewa su saka wasu 'yan layuka a biya su duk wata. Mai sayen ba manhajar yake so ba. Mutanen da suka riga suka ba ta izini su yake saye.

Wani lokacin ma ba a sayar ba, ƙwacewa ake yi. Ranar 24 ga Disamba, 2024, jajiberin Kirsimeti, lokacin da ofisoshi a Amurka suka watse hutu, wani ma'aikacin kamfanin Cyberhaven ya faɗa tarkon wani imel da ya yi kama da daga Google ya fito. Saƙon ya ce ekstenshan ɗinsu ta saɓa ƙa'ida, za a cire ta daga rumbu in ba su ɗauki mataki ba. Ya danna, aka kai shi shafin Google na gaskiya, inda wata manhaja ke neman ya ba ta izini a kan asusunsa. Ya bayar. Yana da tsaro mai hawa biyu, amma bai yi amfani ba, domin ba kalmar sirri aka sata ba, izini aka roƙa ya miƙa. Da wannan izinin ɓarayin suka ɗora gurɓataccen zubi, ya sauka da kansa a kwamfutocin masu amfani da ita, waɗanda yawansu ya kai wajen 400,000. Kusan kwana guda yana aiki kafin a gano. Shi wannan kamfani sana'arsa ke nan, kare bayanan manyan kamfanoni daga fita. Da aka bi sawu sai aka tarar ba su kaɗai ba ne: ekstenshan fiye da 30 aka yi wa irin wannan, masu amfani da su sun haura miliyan 2 da rabi, kuma abin da ɓarayin suka fi nema shi ne asusun tallan Facebook. Kafin wannan, a watan Satumba na 2018, an yi wa ekstenshan ɗin MEGA, masu ajiyar fayil, irin wannan kutse, na 'yan sa'o'i ta koma tana kwashe kalmomin sirrin Google da Amazon da Microsoft.

A cikin masu amfani da waɗannan ekstenshan ba wanda ya yi ganganci ranar da abin ya faru. Ba su danna komai ba. Abin da ya rage a hannun mai amfani shi ne yawan ƙofofin da ya bari a buɗe. Mai ekstenshan 3 da mai 25 ba haɗarinsu ɗaya ba, domin kowace guda akwai mutum a bayanta wanda zai iya gajiya ya sayar, ko a yaudare shi a ƙwace. Wannan shi ne ra'ayina, kuma ina da ƙarfi a kansa: duk wadda ba ka taɓa ta ba a cikin watan nan, ba ta da dalilin kwana a burauzarka.

Akwai kuma waɗanda ba sa taɓa kuɗinka ko asusunka, kai kanka suke sayarwa. A 2016 gidan rediyo da talabijin na NDR a Jamus ya bankaɗo cewa wata ekstenshan mai suna Web of Trust, wadda aikinta shi ne ta gaya maka wane shafi ne amintacce, tana tara tarihin shafukan da mutane ke shiga, ana sayarwa. An ce an ɓoye sunaye, amma 'yan jaridar sun iya gane mutane da dama daga bayanan. A 2018 aka kama Stylish, mai ƙawata fuskar shafuka, da irin wannan, tana da masu amfani kusan miliyan 2. A 2019 wani mai bincike, Sam Jadali, ya gano guda 8 da ke kwashe bayanan mutum fiye da miliyan 4, kuma a cikin abin da ya fita har da hanyoyin kaiwa ga takardun haraji da sunayen marasa lafiya. Ku lura da wannan na ƙarshe. Majinyacin nan bai ɗora komai ba, wataƙila bai ma mallaki kwamfuta ba. Ma'aikacin da ke riƙe da bayanansa ne ya ɗora. Don haka malam akawu, malama sakatariya, malamin asibiti, jami'in jarrabawa, mai kafe da ke cike wa yara fom da lambarsu ta NIN: kwamfutar da ke gabanku amanar mutane ce a cikinta. Ba wurin gwada kowace manhajar sauke fim ba ce.

Sai batun VPN na kyauta. Da aka rufe Twitter a Nijeriya daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, jama'a da yawa sun ɗora VPN don su sami shiga, wasu a waya, wasu a burauza. An buɗe Twitter, amma nawa ne suka koma suka cire? Tafiyar da VPN kuɗi take ci, injuna ne ake haya ana biya duk wata. Wanda ya ba ka kyauta ba iyaka, ka tambayi kanka daga ina yake mayar da kuɗinsa, ai banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2015 an gano cewa Hola, ɗaya daga cikin shahararrun na kyauta, tana sayar da layin intanet na masu amfani da ita ga wasu, su bi ta kansa su yi harkarsu. In an yi ɓarna, adireshin mai kwamfutar ne zai fito.

Na san da yawan masu saurarenmu za su ce su da waya suke aiki. To Chrome na wayar Android ba ya karɓar ekstenshan ko kaɗan. Saboda haka duk shafin da ya buɗe a wayarka ya ce sai ka ɗora wata ekstenshan, ko ka sabunta Chrome ta wajensa kafin ka kalli bidiyo, ƙarya yake, wata manhaja ce daban yake so ya cusa maka. Rufe shi. Amma Firefox na Android yana karɓa, Safari na iPhone ma yana karɓa tun 2021, sannan 'yan kirifto da yawa sun yi amfani da burauzar Kiwi don wannan dalili. Kuma asusun da ke wayarka shi ne dai wanda ka taɓa buɗewa a kwamfutar ofis ko ta kafe. In an sace shi a can, a wayarka za ka ga sakamakon.

Tunda mun ambaci kafe, bari in tsaya nan kaɗan. Ka shiga bizines santa a lokacin rajistar jarrabawa, layi har waje, janareta na ruri, yaron da ke kan kwamfuta yana ta sauri. Ka leƙa saman burauzarsa: alamomi sun jeru har sun cika layin, wata kore, wata ja, wata mai kibiya, shi kansa bai san rabinsu ba, domin wasu tare da manhajojin sata suka shigo ranar da aka yi wa kwamfutar fomatin. A wannan burauzar ake cewa ka shigar da imel ɗinka da kalmar sirri, wani lokaci har lambar kati. In ya zama dole, ka roƙi a buɗe maka tagar baƙo, ko tagar sirri da ake kira Incognito, domin a can ekstenshan ba sa aiki sai in an ba su izini na musamman. Ba cikakkiyar kariya ba ce, kwamfutar da ba taka ba ba a ba ta amana gaba ɗaya, amma ta rage. Kada kuma ka yarda ka haɗa asusunka na Google da ita kanta burauzar kafe. In ka kunna haɗin nan, abin da aka ɗora a can zai iya biyo ka har kwamfutarka ta gida. Kana komawa gida ka canza kalmar sirrin. Masu kafe da masu gyaran kwamfuta kuwa, don Allah ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke ɗora wa mutane. Wanda ya kawo muku kwamfuta bai san komai a kai ba, ku ya yarda da ku.

(Gajeren kiɗa)

To me za a yi? Yau da dare, in an kawo wuta, buɗe Chrome, danna ɗigo ukun nan na saman dama, nemi inda aka rubuta Extensions, shiga wajen sarrafa su. A Edge da Firefox ma kusan haka yake. Za ka ga kowace a cikin akwatinta. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ka tuna ka ɗora ba, cire. Wadda ka daina amfani da ita, cire, kada ka tsaya a kashewa kawai. In Chrome ya nuna maka gargaɗi cewa an cire wata daga rumbu, kada ka yi jayayya da shi.

Waɗanda suka rage, shiga bayanin kowace ka duba izinin da take riƙe da shi, ka auna da aikinta. Mai tuna lokacin salla garinku take bukatar sani, me ya haɗa ta da karanta imel ɗinka? Mai canza hoton fuskar burauza me za ta yi da tarihin shafukanka? Akwai waɗanda aikinsu dole sai da izini mai faɗi, kamar mai toshe talla ko mai fassara, to su sai ka tsananta bincike a kan mai su. A nan cikin bayanin akwai wurin da za ka taƙaita mata: ko dai ta yi aiki a wasu shafuka da ka zaɓa kaɗai, ko kuma sai ka danna ta sannan ta farka. Chrome ya kawo wannan dama tun 2018, amma kaɗan ne ke amfani da ita. Wanda kuma ke harkar banki ko kirifto ko tallan Facebook a kwamfuta, ya ware burauza guda, ko ya buɗe wani furofayil daban, wanda ba a ɗora masa komai ba sai abin da harkar ke bukata. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, kuma ta fi yawancin manhajojin tsaro da ake tallatawa amfani.

In za ka ɗora sabuwa, kada ka bi ta talla. Sakamakon farko a binciken Google, mai ɗauke da kalmar Sponsored, kuɗi aka biya aka sa shi a wurin, kuma ɓarawo ma yana da kuɗin biya. Je shafin kamfanin da kansa, ka bi hanyar da suka sa zuwa rumbu. Taurari biyar da yabo ana sayen su, don haka ka gangara ka karanta ƙorafe-ƙorafen baya-bayan nan, a nan ne mutane ke faɗin cewa tun da aka sabunta ta talla ya yi yawa. Zamanta a rumbun Google ko na Microsoft ya fi a ce daga waje take, amma ba hujja ba ce: a watan Fabrairu na 2020 kaɗai Google ya cire fiye da 500 bayan binciken Jamila Kaya da kamfanin Duo Security. Wanda kuwa ya turo maka fayil ta WhatsApp ko Telegram, ya ce ka kunna Developer mode ka ja fayil ɗin ka saka, wai za ka sami manhajar kuɗi kyauta ko ta tura saƙo ga kwastoma dubu a lokaci guda, to ya tsallake da kai duk wani bincike da rumbun ke yi. Kada ka yi.

Alamomin cewa an riga an shigo maka ba su da wuyar ganewa in ɓarawon mai gaggawa ne: ka yi bincike a Google a kai ka wani shafin bincike daban, talla ya riƙa fitowa a inda ba a saba gani ba, shafuka su riƙa buɗe kansu. Wata babbar alama ita ce ka ga an rubuta Managed by your organization a kwamfutar da kai ka saya da kuɗinka, ba ta ofis ba, ko ka je cire wata ekstenshan ka tarar maɓallin cirewar ba ya dannuwa. Wannan yana iya nufin cutar ta wuce burauza ta shiga cikin kwamfutar, sai an kai wa wanda ya san aiki ya wanke ta. Masu wayo kuwa ba sa nuna alama ko ɗaya, shi ya sa ba a jiran alama kafin a yi shara.

In ka tabbata an cuce ka, cire ekstenshan ɗin mataki na farko ne kawai, domin abin da ta kwasa ya riga ya tafi. Ɗauki wata na'ura mai tsabta, kamar wayarka, ka fara da imel, tunda ta nan ake sake saita sauran asusu. Canza kalmar sirri, sannan ka nemi wurin da ake fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ka fitar da su gaba ɗaya. Wannan shi ke kashe shaidar nan da aka kwafa. A Facebook duba waɗanda aka ba ikon shafinka, ka cire baƙin suna, ka duba katin da ke jikin asusun talla. A WhatsApp shiga Linked devices ka fitar da duk abin da ba ka gane ba. In ka taɓa rubuta lambar kati a burauzar, kira bankinka ta lambar da ke bayan katin a toshe shi, kada ka bari sai Litinin. In kuɗi ya fita, sanar da bankin nan take, sannan ka kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC tare da hotunan shaida. Ka kuma gaya wa abokan hulɗarka cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunanka kada su tura. Ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce ke jawo a cuci wani bayanka.

'Yan kirifto, naku daban ne. Kalmomin sirrin lalita ba a canza su kamar kalmar sirrin Facebook. In har kun taɓa rubuta su a wurin da kuke shakka, wannan lalitar ta mutu. Ku buɗe sabuwa a na'ura mai tsabta, da sababbin kalmomi, ku kwashe abin da ya rage ku mayar can tun kafin a riga ku. Kuma duk wanda ya biyo ku ta saƙo ya ce shi ƙwararre ne, zai dawo muku da abin da aka sace in kun biya wani abu, shi ma wani ɓarawon ne.

Lokaci ya cim mana, nan za mu dasa aya.  

(Taken rufewa)